Kunnen Zomo da Iyafis Uku

A layin da shagonsa yake babu wanda bai san Kunnen Zomo ba, domin ko ba ka tambaya ba shi zai gaya maka. Sana'arsa ba da hayar kujerun roba da lasifika biyu ga masu taro, ɗaya daga cikin lasifikokin ma tari take yi in an ƙure ta. Amma a bakinsa shi masanin sauti ne da babu na biyunsa. Yakan ce yana jin tafiyar tururuwa a kan siminti, har ya gane wadda ke ɗingishi a cikinsu. Sunan ma shi ya raɗa wa kansa. Maƙwabtansa, Tela da ke damansa da Mai Walda da ke hagunsa, suka ga sunan ya yi tsawo, sai suka yanke kunnen suka bar masa Zomo.

Matarsa ita ce ƙarama a gidansu, kowa Auta yake ce mata. Tana son mijinta, kuma ta san shi kamar yunwar cikinta. Abin da ke damunta shi ne maganarsa ba ta da nauyi a danginta. Tun ranar da ya zaɓa wa mahaifinta wata fanka mai juya kai kamar tana neman ɓatacce amma babu iska, babbar yayarta, wadda ma'aikaciyar jinya ce kuma kowa ke kira Yaya Babba, ta daina sa shi a shawara. In ya fara bayani sai ta ɗauki wayarta.

Baba, mahaifin su Auta, ya ajiye aiki, yana zaune tare da Yaya Babba a hawa na biyu na wani bene da tagoginsa ke kallon babban titi. Ba shi da abin so kamar shirye-shiryen rediyo da tsofaffin waƙoƙi da aka zuba masa a waya. Sai dai hon ɗin motoci da kukan babura ba sa barinsa ya ji rabin abin da ake faɗa. Wata rana ana zaune a falo, 'ya'yan suka yanke shawarar saya masa iyafis marar igiya, irin masu tsadar nan da ake cusawa a kunne su toshe hayaniyar waje. Yaya Babba ta ce in ta tashi aiki za ta biya shago ta ɗauki duk wanda mai sayarwa ya ce ya fi.

Zomo na gefe da kofin shayi a hannu. Abin nema ya samu. Ya ajiye kofin ya gyara murya.

“Yaya, kunne ba ƙafa ba ne da za a saya masa takalmi a tsaye. Ku bar mini wannan aikin.”

Ya ce mai shago abin da ya ƙi sayuwa yake tallatawa. Shi zai samo manya uku da ake ji da su, ya gwada sautinsu, ya gwada zamansu a kunne, ƙarshen mako ya zo gaban kowa ya yanke hukunci. Yaya Babba ta dubi Auta, Auta ta dubi silin. Baba kuwa wata babbar mota ce ta wuce daidai lokacin, bai ji komai ba, ya gyaɗa kai don ladabi. Zomo ya ɗauki wannan a matsayin amincewa.

A hanyar gida Auta ta ja masa kunne. Ta roƙe shi ya bar ta ta ɗaga kai a gidansu ko sau ɗaya. Ya ce ta kwantar da hankalinta, bayan wannan aikin ko sirinji Yaya za ta saya sai ta kira shi.

Washegari ya tafi wajen Mai Waya, abokinsa tun makaranta, mai shagon wayoyi a bakin kasuwa. Ya yi ta zuba har Mai Waya ya gaji ya ba shi aron na gwaji guda uku, tunda dai ciniki ne zai biyo baya. Duka baƙaƙe ne, kowanne da ɗan akwatinsa na caji. Sunayensu sun yi wa Zomo wuyar faɗa, don haka ya sa musu nasa. Mai ɗan lanƙwasa ya ce masa Wake, mai doguwar ƙafa ya ce mata Ƙusa, mai ƙaton ciki kuma Dodon-koɗi. Mai Waya ya nuna masa 'yan robobin da ake sawa a bakin kowanne, ƙarama da matsakaiciya da babba, ya ce a zaɓi wadda ta yi daidai da ramin kunne, kuma kada a haɗa na wani akwati da na wani. Zomo ya tambaye shi ko shi za a koya wa sa abu a kunne. Kafin ya bar kasuwa ya gayyaci Mai Waya zuwa ranar hukunci, da ya koma layi kuma ya gayyaci Tela da Mai Walda, ya ce yana son shaidu.

Da Wake ya fara. Ya fito da kujera ƙofar shago, ya cusa su a kunne, ya danna inda ake kashe hayaniya. Nan take duniya ta ɗauke. Yana ganin tartsatsin wutar Mai Walda amma babu ƙara, yana ganin ƙafar Tela na taka keke amma babu sauti. Ya kunna waƙa, ya lumshe ido, yana gyaɗa kai yana murza yatsu a iska kamar mai taɓa yadi a kasuwa.

Ana haka sai ga shugabar makarantar da ke bayan layi. Ita ce babbar mai cinikinsa, duk taron iyayen yara ita ke kwashe kujerunsa gaba ɗaya. Ta yi sallama, shiru. Ta sake, shiru. Tela ya miƙo sandar awo ya zungure shi. Zomo ya buɗe ido ɗaya, ya gan ta, ya karkata wajen Tela don ya yi masa raɗa. Abin da bai sani ba shi ne mai toshe a kunne ba ya jin ƙarfin muryarsa. Raɗar ta fito har tsallaken titi.

“Ga Malama Ragi ta zo. Bari in yi kamar ban gan ta ba har ta gaji, in ba haka ba yanzu ta tatse ni. Kai ma ina jiran ka a kan wandon da ka mayar mini kamar na ƙanena.”

Shugabar ta tsaya har ya zare ɗaya daga kunne yana murmushin maraba. Ta ce Malama Ragi ta ji, kuma ta gode, za ta je ta tatsi mai kujerun ƙarshen layi. Ta juya. Ya bi ta yana rantsuwa cewa waƙar da yake ji ce yake bi da baki, ba ta ko waiwayo ba. Da ya dawo Mai Walda ya cire gilashin fuskarsa yana share hawayen dariya, Tela kuwa ya haɗe rai saboda maganar wando. Zomo ya mayar da Wake akwati ya ce wannan ya faɗi, abin da ke raba mutum da arzikinsa ba abin sawa a kunne ba ne.

Bayan ya huce ya ɗauko Ƙusa. Ya sa a kunne, ya buɗe bulutut a wayarsa don ya haɗa ta da iyafis ɗin, ya danna sunan farko da ya gani. Sunan farkon kuwa na babbar lasifikarsa ne, wadda ya bari a kunne a bakin ƙofa tun safe tana caji. Ya danna waƙa. Ya ji ta can ƙasa-ƙasa kamar daga rijiya, domin Ƙusa ta toshe masa kunne, sai ya ƙara sauti. Bai gamsu ba, ya ƙure shi.

Gilashin shagon Tela ya fara rawa. Wani kare da ke kwance a inuwa ya tashi ya bar layin. Mutanen saman bene suka leƙo ta taga. Shi kuwa Zomo ya miƙe tsaye, ido a rufe, hannu a ƙirji, yana jin ganga na dukansa tun daga tafin ƙafa. Tela ya ɗaga masa hannu, ya ɗaga masa shi ma. Mai Walda ya nuna masa lasifikar, ya ɗauka yana cewa ne Ƙusa ta kusa kamo ta, ya girgiza kai ya nuna da hannu cewa ta ma wuce ta.

Daidai nan saƙon murya ya shigo daga Auta. Waƙa ta tsaya, ya danna don ya ji yadda Ƙusa ke fitar da muryar mutum. Muryar Auta ta cika layin kamar sanarwar tashar mota.

“Maigida, in za ka dawo ka biya ka sayo maganin ƙaiƙayin ƙafar nan, susarka ta ishe ni. Kuma wandon da ka ce Tela ya ɓata, na auna, ba laifinsa ba ne, tumbinka ne ya ƙaru. Sannan don Allah kada ka kunyata ni a gaban Yaya.”

Layi ya fashe da dariya. Tela ya fito tsakiyar hanya ya ce a gaishe da uwargida, Allah ya yi mata albarka, gaskiya ta yi halinta. Wata tsohuwa daga sama ta faɗi sunan wani magani ta ce shi ya fi. Da Zomo ya zare Ƙusa ya gane abin da ya faru, sai ya ce da gangan ya yi, masana haka suke gwada ƙarami da babba. Kuma duk da an nuna masa cewa Ƙusa ko tari ba ta yi a kunnensa ba, bai janye ba. Ya ce shi ya san abin da ya ji, jiki ya fi kunne ji, Ƙusa ce ta ɗaya a dukan ganga.

Saura Dodon-koɗi, kuma da shi ya ce zai gwada zama a kunne. A cewarsa mutum ba gunki ba ne, dole a ga ko abu zai tsaya in ana motsi. Mai Walda ya tuna masa cewa Baba daga kujera sai gado, ba tsere zai shiga ba. Zomo ya ce kimiyya ba ta san tsoho ba. Ya sa Dodon-koɗi, ya fara da girgiza kai, ya koma tsalle, ya ƙare da sunkuyawa yana miƙewa. A sunkuyo na ƙarshe na hagu ya fice, ya yi tsalle a siminti, ya gangara cikin shago ƙarƙashin tulin kujeru.

Sai da aka fito da kujerun kaf. Aka jera su a titi har suka tare hanya, masu babura na zagi, wasu masu wucewa suka ɗauka taro za a yi suka zauna suna jira. Tela ne ya gano shi a lungu cikin ƙura. Zomo ya hure shi ya ce ba laifin Dodon-koɗi ba ne, robar ce ta yi wa kunne irin nasa kaɗan, kunnen masana faɗi ne da shi. Ya cire matsakaiciya ya sa babba, bai ko tsaya ya ga ta zauna daidai ba, ya danna a kunne da babban yatsa har idonsa ya kawo ruwa. Ya ce yanzu sai gwajin barci. Ya haɗa kujeru uku ya kwanta ta gefen hagu, rana na dukan rufin shago, ya yi ta minshari.

Da ya farka ya zare na dama lafiya lau. Ya zare na hagu, sai ya ga bakinsa tsirara, babu roba. Ya duba ƙasa, ya kakkaɓe riga, ya ɗaga kujera. Sannan ya lura duk wanda ya yi magana ta hagunsa kamar a cikin bargo yake yi. Ya sa ɗan yatsa, ya taɓo wani abu mai santsi can ciki.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Ya gwada da tsinken ashana, ta ƙara shigewa. Ya gwada da makullin shago, ya gwada da murfin biro, duk taɓawa sai ta matsa gaba kamar mai jin kunya. Dole ya kira maƙwabta. Tela ya zo da allura, Zomo na ganin tsininta ya ce an fasa. Mai Walda ya kawo maganaɗisu ya manna masa a kumatu, suka jira, sannan Tela ya tambaya tun yaushe roba ta zama ƙarfe. Mai Walda ya koma ya dawo da filaya mai baƙin mai, Zomo ya ɓuya bayan lasifika. Wani mai wucewa ya ce a karkata kai a yi tsalle da ƙafa ɗaya kamar in ruwa ya shiga. Zomo ya yi ta ɗingishi daga wannan kusurwa zuwa waccan har numfashinsa ya ƙare, roba na nan daram.

Tela ya ce ai abin mai sauƙi ne, yayar matarsa aikinta ke nan, ya je ta cire masa.

“Gara in mutu kurma,” in ji Zomo.

Ya sa su suka yi alkawarin rufe baki, ya kwashe iyafis ɗin duka shida daga kan tebur ya zuba a aljihu ɗaya, ya rufe shago.

A gida bai gaya wa Auta ba. Ta zauna a hagunsa tana ba shi labari, ya yi ta cin abinci bai tanka ba, har ta ɗauka fushin saƙon murya yake yi, domin labarin ya riga shi isa gida. In ya ga bakinta na motsi sai ya juyo da kunnen dama yana karkata kai kamar kaza ta hango shaho. Ta tambaye shi ko wuyansa ne ya sanƙare. Ya ce kunnen hagu yake hutarwa saboda babban aikin da ke gabansa.

Ranar hukunci ya makara wajen zaɓen riga, don haka a tsaye ya zazzage aljihu ya cusa iyafis ɗin a akwatuna. Wanda ya ƙi shiga ya danna shi, murfin da ya ƙi rufuwa ya ɗaure da kyauro.

Falon Baba ya cika. Yaya Babba na kan doguwar kujera da kayan aiki a jikinta, ta dawo ke nan. Auta na gefenta tana murza bakin mayafi. Tela da Mai Walda sun riga kowa zuwa, sun zauna kusa da ƙofa da fuskar mutanen da suka sayi tikiti. Baba, don ya karrama surukinsa, ya jawo kujera ya ce ya zauna kusa da shi. Kujerar ta faɗo ta yadda Baba ke hagun Zomo.

Baba mutum ne mai sanyin murya. Ya tambaye shi ko a kawo masa shayi. Zomo ya ga leɓe na motsi, ya kama wutsiyar maganar, ya amsa da cewa Ƙusa ce kawai mai tsayi, sauran gajeru ne. Baba ya dubi Auta. Ya sake tambaya ko abin ba ya zafi a kunne. Zomo ya ce ko da safe ko da yamma duk ɗaya ne. Tela ya sunkuyar da kai yana duba ɗinkin hularsa.

Sai Zomo ya miƙe ya fara jawabi. Ya ce ya sa kunnensa a hatsari saboda wannan gida. Wake ya zo na ƙarshe domin ba shi da tarbiyya. Dodon-koɗi na biyu, yana da riƙo, in ya kama kunne ba ya son saki. Ƙusa kuwa ita ce sarauniya, gangarta tana girgiza ƙasa.

“Wannan gaskiya ne,” in ji Tela. “Har mu mun ji. Har karen layi ya ji.”

Zomo ya yi kamar bai ji ba, kuma da yake Tela na hagunsa, wataƙila da gaske ne. Ya kwance kyauron akwatin Ƙusa, ya sa wa Baba da hannunsa, ya haɗa da waya, ya kunna shirin rediyo. Baba ya kasa kunne. Ya ce na dama na magana, na hagu ya yi shiru, kuma kamar ba girmansu ɗaya ba. Zomo ya ce haka na zamani suke, kunne ɗaya na aiki ɗaya na hutawa, in an jima su yi canji. Aka jira canji bai zo ba. Ya buɗe akwati na biyu, wannan karon duka biyun suka yi gum, domin ba su zauna a gurbinsu ba balle su yi caji. Ya ce iskar falon ce ta yi nauyi, a buɗe taga. Aka buɗe taga, hon ya shigo.

A nan Mai Waya ya yi sallama. Yana ganin kyauro a jikin akwatinsa ya ajiye gaisuwa a rabi. Ya zare na kunnen Baba ya ɗaga su sama, ɗaya Ƙusa ɗaya Wake. Ya ce wa Zomo ai wannan auren dangi biyu ne ba tare da sanin iyaye ba. Ya zazzage komai a tebur yana mayar da kowa gidansa, har ya zo kan Dodon-koɗi na hagu mai baki tsirara. Ya tambayi inda babbar robar take. Zomo ya ce tun asali babu ita, haka aka ba shi. Mai Waya ya ce da hannunsa ya ba shi ita. Zomo ya ce to kamfani ne ya yi kuskure. Mai Walda ya fara wani tari da bai yi kama da tari ba.

Duk wannan abin da ake yi hankalin Yaya Babba na wani wuri daban. Kallon kan Zomo take yi yadda yake karkacewa, da kunnensa na hagu da ya yi ja ya ɗan tasa. Ta tashi a hankali ta zagaya ta tsaya a hagunsa, yana can yana musu da Mai Waya. Ta jira ya ja numfashi, sannan ta yi magana da muryar hira.

“Duk wanda ya san akwai roba a kunnensa, ya yi shiru.”

Zomo ya yi shiru, yana kallon gaba abinsa.

Falo ya ɗauki dariya, har Baba ya riƙe ciki. Zomo ya ga ana dariya, ya ɗauka wata magana ce ya faɗa mai daɗi, shi ma ya taya su. Sai da ya waiwaya ya ga Yaya Babba na zaro hantsaki da 'yar tocila daga jakar aikinta, dariyar ta yanke. Ya ce yana da uzuri a shago. Mai Walda ya miƙe ya jingina da ƙofa.

Aka zaunar da shi a kan ɗan benci kusa da taga. Auta ta riƙe tocila. Mai Waya ya riƙe kai. Yaya Babba ta leƙa ta tambayi wanda ya yi ta tura abu a ciki. Zomo ya ce babu kowa. Tela ya lissafa ashana da makulli da murfin biro, Mai Walda ya ƙara da cewa shi dai filayarsa ba a bari ta taɓa ba. Yaya Babba ta ce saura ƙiris Dodon-koɗi ya gaisa da dodon kunne, kuma da hakan ta faru da sai dai a canza masa suna. Ta ce kada ya motsa. Ya rufe ido yana kiran sunan Auta. Yaya Babba ta kama robar, ta juya, ta jawo.

Robar ta fito da ɗan sauti kamar an buɗe kwalba. Baba ya sa tabarau ya ce a matso da ita ya gani. Mai Waya ya dube ta daga nesa ya ce ya yafe, Zomo ya riƙe abarsa. Auta ta kashe tocila ta zauna ta rufe fuska da mayafi.

Wani zai ɗauka a nan bakin Zomo zai mutu. Ina. Kunne na buɗewa ya fara bayanin cewa babu masanin da ya taɓa kai gwaji zurfin da ya kai. Yaya Babba ta buɗe baki za ta tsayar da shi, Baba ya ɗaga mata hannu. Ya ce wa Mai Waya ya ɗan ba iyafis ɗin caji ya sa masa su ɗaya bayan ɗaya, kowanne da robar da ta yi masa daidai. Sannan ya juya ga surukinsa.

“Ɗana, ci gaba da bayani. Kada ka tsaya sai na ce.”

Zomo ya dubi Auta da alamar kin gani ko. Ya gyara tsayuwa ya shiga tarihin sauti tun daga farkon lasifikarsa.

Aka sa wa Baba Dodon-koɗi. Ya saurara kaɗan ya ce gangar ta yi yawa, ta danne muryar mai waƙa, kuma ƙaton cikin na danna masa kunne. Aka sa Ƙusa. Ya ce wannan ba nauyi, murya na fita tas kamar mai maganar na ɗakin, sai dai har yanzu yana jin hon, yana kuma jin wani abu daban, ya faɗa yana satar kallon Zomo. Aka sa Wake da ƙaramar roba, Mai Waya ya danna inda ake kashe hayaniya. Baba ya jingina da kujera. Kafaɗunsa suka sauka. Ya daɗe yana kallon bakin Zomo na buɗewa yana rufewa, hannu na sama na ƙasa, murmushi na yaɗuwa a fuskar tsohon. Can ya zare ɗaya ya tambayi Yaya Babba ko har yanzu magana yake yi. Ta ce ko numfashi bai ja ba.

“To wannan za a saya,” in ji Baba, ya mayar da shi kunne.

A matakala, suna sauka, auduga a kunnensa na hagu, Zomo ya ce wa Auta ta dai gani da idonta. Ba don muryarsa ba da har yanzu ana lalube, shi ne ma'aunin da aka auna da shi, kuma ya kamata Yaya ta kira shi ta yi godiya. Ya ce gobe ma zai fara nazarin tabarau, ya lura na Baba ya tsufa.

Auta ta tsaya a tsakiyar matakala. Ta juya ta kira Mai Waya da ke biye da su da akwatuna a hannu, ta tambaye shi ko irin na Baba akwai saura a shago.